Bokitin Ruwa a Bakin Wuta

Ƙarfe huɗu na asuba Ketill ya kira ni:
"Bergljót, ƙasa ta tsage bayan tudu,
tsagar ta fi kilomita."
Na zura takalma, kowanne da launinsa,
ban lura ba sai a mota.

Wata uku na'urorinmu na ƙorafi.
Ƙasa na kumbura kamar ƙullu a kwano,
girgiza ƙanana, dubu a yini,
mu kuwa muna jan layi a takarda
muna cewa ƙila gobe, ƙila baɗi.
Masunta a bakin teku suka laƙaba mana suna:
'yan ƙila.

To, ga ta nan ta zo.

Tamu ba mai tsawa ba ce da tofa toka har sama.
Ruwa-ruwa take,
baƙin dutse ne ya narke ya koma ja,
yana gangara a natse
kamar wanda ya san babu mai tare masa hanya.

Aikina bai taka kara ya karya ba:
sandar ƙarfe, bokitin ruwa.
Na matsa har girata ta fara ƙauri,
na tsoma, na ɗebo,
ya biyo sandar yana naɗewa kamar zuma mai kauri.
Na jefa shi ruwa. Cuu!
Zafin da ya haura ma'auni dubu
ya mutu a hannuna, ya zama baƙin gilashi.

A ɗakin bincike za mu fere shi
har haske ya ratsa,
mu leƙa korayen ƙwayoyin da ke ciki.
Gefen kowace ƙwaya na riƙe da lissafi:
kwana nawa ta yi tana hawowa daga zurfi,
a ina ta yada zango.
Ketill ya ce dutse ba ya ƙarya.
Na ce haka ne,
amma ba ya buɗe baki sai aikin gama ya gama.

Da hantsi iska ta juya.
Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, mai warin ashana,
ya sauko ya kwanta a kwari.
Na'urar da ke ƙirjina ta yi ta kuka.
Na kira gwaggo Steinunn a gona:
"Ki kora tumaki gida,
kada su sha ruwan kududdufi."
Ta ce, "Kakata ta riga injinki faɗa.
An yi shekarar da haƙoran tumaki suka karkace,
suka mutu da ciyawa a baki."
Na ce gubar na da suna, a toka take maƙalewa.
Ta ce, "Raɗa mata sunan da kika ga dama,
ni dai zo ki taya ni kora."

Na je.
Ɗari da goma sha bakwai, ɗaya ta ƙi shiga.
Da na riƙo ƙahonta sai na ga
zaren gilashi a gashin bayanta,
siriri, ruwan zinariya,
iska ce ta saƙa shi daga bakin wuta.
Gashin mayu muke ce masa a Ayislan.
Na tsince shi a hankali na sa a ambulan,
na rubuta kwanan wata.
Gwaggo ta girgiza kai.

Da dare narkakken dutsen ya haye titin
da na koyi tuƙa keke a kansa.
Na rubuta: ƙarfe goma da minti shida,
mita arba'in a sa'a.
Babu gurbin sauran a fom ɗin.

A hanyar dawowa na taka tsohon malale,
wanda ya huce tun kafin a gina cocin garinmu.
Gansakuka ta lulluɓe shi,
ƙafa na nutsewa har idon sawu.
Na zauna, na cire takalman nan biyu.
Tafin ɗaya ya narke.

Gobe ma akwai ɗiba.
Ketill ya ce in zo da bokiti biyu.